Baƙin mai da ƙurar hunturu ke cinye sarƙar kekenka

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo hanyoyin Karaye da Rogo. Da yawa kuma ba Raleigh ko Phoenix na iyayenmu ba ne, keken gwanjo ne mai giya da faffaɗar taya, irin wanda aka fara ƙerawa a Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970 don hawa tsaunuka da ratsa daji. Ya dace da burtali da hawa da gangaren da ke tsakanin Turawa da lambunan bakin madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992. Sai dai mu masu gyara mun san da zarar hunturu ya kankama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙorafin iri ɗaya ne: "Giya tana tsalle." Galibi kuwa ba giyar ba ce, sarƙa ce ta cinye, kuma mai keken ne ya kashe ta da hannunsa, da baƙin man da ya roƙo wajen bakaniken babur.

Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, garin ƙasa ce mai laushi a hannu amma mai kaifi a kan ƙarfe. Idan ta sauka a busasshen ƙarfe, iska ce za ta kaɗe ta. Idan ta samu mai mai kauri sai ta manne, su cakuɗe, su shige cikin gaɓoɓin sarƙa, duk juyin feda suna goge ƙusoshin kamar wuƙa a dutsen wasa. Shi kansa baƙin man da ma ɗauke yake da ɓurɓushin ƙarfe da toka daga injin da ya fito. A Turai lokacin sanyi lokacin ruwa ne da taɓo, shi ya sa suke amfani da mai mai danƙo wanda ruwa ba ya wankewa. Namu sanyin busasshe ne, dabararsu ba tamu ba ce.

Ba sai ka yarda da maganata ba, rula ta ishe ka. A sabuwar sarƙa, tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne cif. Ɗora farkon rula a tsakiyar ƙusa guda, alamar inci 12 za ta faɗa a tsakiyar wata. In ƙusar ta zarce alamar da kashi 1 cikin 16 na inci, lokacin sauya sarƙa ya yi. In ta kai kashi 1 cikin 8, ta riga ta cinye haƙoran giya, ko ka saka sabuwa tsalle za ta riƙa yi, sai an sauya duka.

Wani zai ce iyayenmu sun shekara da shekaru suna zuba baƙin mai, kekunansu ba su mutu ba. Gaskiya ne, amma sarƙarsu mai faɗi ce, tana tafiya a miƙe kan haƙori guda, da yawa kuma a rufe take cikin gidan kwano. Ta keke mai giya siririya ce, a fili take, tana karkacewa daga wannan haƙori zuwa wancan. Wani kuma ya ce busasshiyar sarƙa kuka take yi, ta yi tsatsa. Ba a ce a hana ta mai ba. Cikin gaɓa ne ke buƙatarsa, wanda ya kwanta a waje tarkon ƙura ne kawai. Tsatsa kuwa damina ce lokacinta, sai fa ga wanda ke ratsa ruwa a fadama, shi sai ya tsane sarƙar kafin ya sa mata mai. Mai cewa baƙin mai kyauta ne, ya kwatanta kuɗin ƙaramar kwalbar man keken ɗinki da na sarƙa haɗe da haƙoran baya. (Da ciniki muke nema, ai da mun yi shiru.)

A wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, a bar ta ta bushe. Da dare a ɗiga mai marar kauri, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya ya shiga. Da safe kafin a fita a goge wajen da tsumma, har yatsa ya taɓa bai yi baƙi ba.