Ƙaramin Inji da Gurbin Ƙarfe a Katako

Kafintocin Yendi da Salaga da ke sayo ɗan injin nan mai juyi, irin Dremel, daga Tamale ko Kumasi, sukan haɗa shi da ƙafar da ake ɗaure shi a kai, don sassaƙa gurbin hinji ko na kuba a akwati da ƙofar kabad. Yana yin aikin, amma sai an san halinsa. An ƙera ƙafar ne don huda rami daga sama zuwa ƙasa. Da ka tura katako ta gefe sai sandar ƙafar ta yi ta rawa, gurbin ya fito kamar ɓera ne ya gaigaye shi.

Fara da kashe rawar. Ɗaure gindin ƙafar da noti a kan falanki mai kauri, falankin kuma a kan benci. Sauko da injin ƙasa-ƙasa a kan sandar, don duk tsawon da ka bari rawa ce ka ƙara. Daga nan kulle shi, ka daina taɓa hannun saukarwa. Katako ne zai riƙa tafiya. Kafa miƙaƙƙen katako a baya ya zama jagora, da 'yan guntaye biyu hagu da dama inda gurbin zai tsaya.

Bakin injin milimita 3.2 ne kacal, juyinsa kuwa yakan kai 35,000 a minti. Gudu gare shi, ba ƙarfi ba. Kada ka ci fiye da milimita ɗaya a zagaye guda, balle a kirya ko maɗaci, waɗanda ke ƙona baki nan take. In ka ji injin yana fizgar katakon, ka biyo juyinsa ne, sai ka sake hannu. Kusurwa kuma ba ta fita da baki mai zagaye, da cizal ake ƙarasa ta.

Wajen gwaji, dabarar tsofaffi ta fi komai. Kanga ƙarfen hinjin ko na kubar a hayaƙin kyandir har ya yi baƙi, danna shi cikin gurbin, ka ɗaga. Inda baƙi ya tsaya, nan kaɗai za ka kankare. A maimaita har ya zauna daram. Aikin haƙuri ne, kuma ni ban ga injin da ya maye gurbinsa ba.

Mutanen Bawku su kula da katakon kudu. Da danshi yake zuwa, hunturu na kamawa ya tsuke, gurbin da ka yi da damina ya sauya. A bar shi ya sha iska a inuwa tukuna.

Kafin ka biya kuɗin inji na-hannu, duba jikinsa. Wutar kamfanin lantarki na NEDCo bolt 230 ce, injin da aka yi wa Amurka kuwa 120 yake ɗauka, kana jona shi zai ƙone. Ka sa tabarau, don siririn bakin nan yana karyewa ya yi tsalle.