Tuba Ba Ta Jiran Gobe: Darasi Daga Rayuwar Waliyyi Augustine

Kowace shekara Ikklisiya takan tuna da Waliyiya Monica ran 27 ga watan Agusta, kashegari kuma ta tuna da ɗanta Waliyyi Augustine. Da yawa daga cikinmu mun san sunansa, gama babbar makarantar horar da firistoci da ke Jos sunansa take ɗauke da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan babban malamin Ikklisiya sai da ya haura shekara talatin kafin ya yarda a yi masa baftisma.

An haife shi a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Mutumin Afirka ne kamarmu. Uwarsa Kirista ce, ubansa Patricius kuwa bai karɓi baftisma ba sai gab da mutuwarsa. Da Augustine ya kai wajen shekara 17 aka tura shi karatu birnin Kartaj, a can ya ɗauki wata mace ya zauna da ita ba aure, ta haifa masa ɗa mai suna Adeodatus. Ya kuma shiga ɗariƙar mabiyan Mani, ya yi kimanin shekara tara a cikinta. Ilimi ya kai shi Roma, daga nan a shekara ta 384 ya sami babban muƙamin koyar da balaga a birnin Milan.

A Milan ne ya fara zuwa sauraron wa'azin Bishop Ambrose. Shi da kansa ya faɗa cikin littafin da ya rubuta na furta zunubansa cewa da fari daɗin bakin bishop ɗin ne ya kai shi, ba neman gaskiya ba. Sannu a hankali gaskiya ta shige shi, har hankalinsa ya gamsu cewa koyarwar Ikklisiya daidai take. Amma bai tuba ba.

A nan ne ya kamata mu dakata, gama nan ne yawancinmu muke. Augustine bai rasa sani ba. Abin da ya riƙe shi sabo ne. Ya kwatanta halinsa da sarƙa wadda shi da kansa ya ƙera: mugun nufi ya haifi sha'awa, bin sha'awa ya zama sabo, sabon da ba a yaƙa ba kuma ya zama tilas. Ya kuma tona wa kansa asiri cewa tun yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi tsabtar rai, amma yana fatan kada a amsa roƙon da wuri. Wa ke cikinmu da bai taɓa yin irin wannan addu'a ba? Magidancin da ya ajiye wata mace a wata unguwa, shekara da shekaru ba ya karɓar Jibi Mai Tsarki, ya sani. Wanda albashinsa ke ƙarewa a gidan burkutu, 'ya'yansa na zaune gida don kuɗin makaranta, ya sani. Mai riƙe da kuɗin zumunta wanda lissafinsa bai cika ba, shi ma ya sani. Dukansu "sai gobe" suke cewa.

Akwai wani abu cikin labarin da masu wa'azi kan tsallake, mu kuwa ba mu ga dalilin tsallake shi ba. Da aka shirya masa aure da 'yar manyan mutane, sai aka sallami uwar ɗansa ta koma Afirka, aka riƙe yaron. Ita ta yi wa Allah alkawari ba za ta ƙara sanin namiji ba. Shi kuwa bai iya jira ba, ya ɗauko wata. Ko sunanta ba mu sani ba. Zunubi ba ya tsayawa kan mai yinsa kaɗai, kullum akwai wanda ke biyan kuɗinsa.

A shekara ta 386 wani baƙo ya ba shi labarin Antoni na Masar, wanda ya bar dukiyarsa ya bi Kristi. Kunya ta kama Augustine, ya fita lambu ya faɗi ƙarƙashin itacen ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita cewa ya ɗauka ya karanta. Ya buɗe wasiƙun Manzo Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa 13:13-14, inda aka hana shaye-shaye da fasikanci da husuma, aka kuma umarce mu mu yafa Ubangiji Yesu Kristi. Bai ƙara karanta komai ba. Ya shiga gida ya gaya wa uwarsa, wadda ta daɗe tana zub da hawaye dominsa.

Kada mu ɗauka kukan lambu ne tubar. Alherin Allah ne ya tsinke sarƙar, amma mu dubi abin da ya biyo baya. Ya ajiye muƙaminsa, ya fasa auren neman girma, ya ba da sunansa cikin masu koyon baftisma. A daren Ista na 387 Ambrose ya yi masa baftisma tare da ɗansa da abokinsa Alypius. Da ya koma Afirka ya sayar da gādonsa ya raba wa matalauta. Haka Zakka ya yi cikin Luka 19, da ya ɗauki alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Shi ya sa Ikklisiya ke koya mana cewa Sakramentin Tuba yana bukatar nadama ta gaske, da furta zunubi ga firist, da gyara ɓarnar da aka yi. Wanda ya fito daga furta zunubi da kuɗin marayu har yanzu a aljihunsa, da sauran aiki a gabansa.

An naɗa Augustine firist a birnin Hippo a 391, bayan 'yan shekaru ya zama bishop. A shekara ta 430, sa'ad da mayaƙan Bandal suka kewaye birnin, ciwon ajali ya kwantar da shi. Abokinsa Possidius ya ba da labari cewa ya sa aka rubuta masa zaburan tuba na Dawuda aka manna a bango kusa da gadonsa. Ya roƙa kada a shigo masa sai lokacin abinci ko magani, ya yi ta karanta su yana kuka har ya rasu ran 28 ga Agusta, yana da shekara 75.