Walimar Kaka da Rumbun Tsimi

Kowane manomi ya san halin kaka. Da zarar an yanke gero da dawa, an sussuke shinkafa, sai hatsi ya cika kasuwa, farashi ya faɗi. Ga mai bin bashi a ƙofar gida, ga hidimar aure, ga suturar iyali, tilas a sayar da arha. Kafin tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, sai manomi ya koma kasuwa ya sayo hatsi da tsada. Wannan darasi zai nuna yadda gari kamar Geza zai iya rage wannan hasara ta hanyar walimar kaka, watau taron cin abinci da ake yi bayan girbi domin tara gudummawa.

Halin Ƙasar

Geza tana cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wajen iyakar Jamhuriyar Benin. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar Bagudo, fadamunsa kuwa su ne arzikin manoman shinkafa. Amma kogin da ke ba da albarka shi ne kuma yakan yi ɓarna. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, har da na Bagudo. Gwamnati takan taimaka, gama a Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya cikin Nuwamba 2015. Duk da haka rance biya ake yi, kuma ba kowa yakan samu ba. Abin da gari ya tara da hannunsa shi ne ya fi kusa ran da buƙata ta taso.

Abin da Aka Gada

Taron kaka ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Dakarkarin ƙasar Zuru suna da bikin Uhola na godiya bayan girbi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake lissafin farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, yana haɗawa da nunin amfanin gona, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa. A ƙauyuka kuwa akwai gayya, inda mai gona yakan dafa abinci, samari su taru su gama masa aiki rana guda. Walimar kaka gayya ce, sai dai a nan hatsi ake tarawa.

Yadda Ake Shirya Ta

Da fari, mai gari da liman da sarkin noma su sa rana bayan an gama kai amfani gida. A aika wa 'yan garin da ke Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Legas, domin su zo ko su aiko da nasu.

Na biyu, kowane gida ya kawo akushin tuwo da miya daga abin da ya noma. Kada a taɓa gudummawa domin abinci, gama walimar da ta cinye abin da aka tara ba ta amfani kowa ba.

Na uku, bayan an ci an yi addu'a, kowane magidanci ya ba da abin da ya sawwaƙa, dami ko kwano ko kuɗi. Magatakarda ya rubuta, a karanta a gaban jama'a. Idan gida 100 suka ba da kwano 10 kowanne, an sami kwano 1,000. Kuɗin da aka samu a sayi hatsi da su nan take, tun yana da arha.

Na huɗu, a zuba hatsin a rumbun tsimi bisa tudu, inda ruwa ba ya kaiwa. A tabbata ya bushe sarai. Buhu mai leda biyu a ciki, idan an ɗaure shi tam, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba. Mabuɗai su kasance a hannun dattawa uku, kada a buɗe sai suna tare.

Na biyar, idan damina ta yi tsakiya a ranta wa mabuƙata, su mayar da kaka kwano da kwano, ba ƙari, domin ƙari riba ne.

Lalle a lura, wannan gudummawa ba zakka ba ce. Zakkar hatsi farilla ce idan ya kai nisabi: kashi 1 cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, kashi 1 cikin 20 ga abin da aka shayar da wahala. Masu ita ake ba, ba a ranta ta.

Irin Gida

A keɓe wani sashe na rumbun domin iri. Jar shinkafar gargajiya ta Afirka tana da irin da ke tashi tare da ruwa idan fadama ta cika. Darajarta ta bayyana cikin shekarun 1990, sa'ad da wani masani ɗan Saliyo, Monty Jones, ya aura ta da shinkafar Asiya aka sami irin da ake kira Nerica. Saboda haka manomin da ya karɓi sabon iri kada ya yar da na kakanninsa. Ran walima tsofaffi su nuna wa yara kowane iri, su faɗi sunansa da ƙasar da yake so.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Garin da ya fara bana da kaɗan, ya riƙe amana, baɗi masu bayarwa za su ƙaru.

Tambayoyi

1. Don me hatsi yake arha da kaka?
2. Mene ne bambancin gudummawar walima da zakka?
3. Don me ake raba mabuɗan rumbu ga mutum uku?