Wasiƙun da Suka Fara Hawa Jirgin Sama

'Yan'uwana malamai na gobe, da yawa cikinmu mukan tara kan sarki, amma wanda na ke so in yi magana a kansa shi ne tara ambulan ɗungum, watau na wasiƙun da jiragen sama na farko suka ɗauka.

Ran 18 ga Fabrairu 1911 aka fara ɗaukar wasiƙun gidan waya a jirgin sama da izinin hukuma, a garin Allahabad na ƙasar Indiya. Wani Bafaranshe, Henri Pequet, ya tashi da wasiƙa wajen 6,500, ya haye kogin Yamuna, ya sauka Naini, tafiyar mil 6 kawai. Kan sarkin da ke jikinsu irin na kullum ne. Abin da ya bambanta su shi ne hatimi na musamman da aka buga musu. To, kun ga wanda ya ɓamɓare kan sarkin ya yar da ambulan, ya zubar da tsaba ya riƙe ƙaiƙayi ke nan.

Italiya ce ta fara fitad da kan sarki don jirgin sama, a 1917. Amurka ta bi baya a 1918 da na santi 24 mai hoton jirgi. A wata takarda mai ɗauke da guda 100 sai aka buga jirgin kai ƙasa. William Robey ya saye ta dala 24, bai daɗe ba ya sayar dala 15,000. A 2023 an sayi ɗaya tak daga cikinsu wajen dala miliyan 2. Ni dai a ganina, kuskuren maɗaba'a bai kai ambulan da ya yi tafiya daɗin nazari ba.

Mu ma muna da rabo. Jiragen sama sun fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, guda 3 na sojan Ingila daga Masar. A Fabrairu 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma kai wasiƙu tsakanin Hartum da Kano ta El Fasher, da Fort Lamy (Njamena ta yanzu), da Maiduguri, sa'an nan cikin shekarar ya miƙa har Ikko.

In irin wannan ambulan ya shigo hannunku, ku dubi hatimin gaba, ranar tashi ke nan. Ku juya baya, sau da yawa akwai na ranar isa. Ku sa yara su lissafa kwanakin da ke tsakani, su bi hanyar da yatsa a taswira. Lissafi da labarin ƙasa sun samu a darasi guda.

Kada ku manna shi da ƙaro, kada ku wanke. Ku sa shi tsakanin farar takarda cikin akwatin ƙarfe, nesa da laima da gara, ku riƙa dubawa da damina.