Ƙaramar Hukumar Sumaila: Tsarin Mulki da Alƙiblar Siyasa

Sumaila gari ne na manoma a kudancin Jihar Kano, kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunansa, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 250,000, akasarinsu a ƙauyuka. An raba ta zuwa mazaɓu, daga ciki akwai Gani, Sitti, Masu, Magami da Rimi. Kowace mazaɓa tana da kansila guda, ciyaman kuwa shi ke shugabantar duka daga sakatariya.

Wannan tsari bai daɗe ba. A da En'e ce ke riƙe da komai: Sarkin Kano ya ba hakimi umarni, hakimi ya ba dagaci, dagaci ya ba mai unguwa, haraji da jangali kuma su bi wannan hanya su koma birni. Gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976 shi ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati a duk Nijeriya, ya karɓe ikon gudanarwa daga hannun masu sarauta. Amma kada a ɗauka sarauta ta mutu. Har yau rikicin iyakar gona, ko ɓarnar da shanu suka yi, ƙofar dagaci ake fara kai shi kafin a tuna da kansila.

Tsarin mulkin 1999 ya zayyana ayyukan ƙaramar hukuma. Ita ke kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta da maƙabartu, ita ke gyara ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, ta yi rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Tana kuma da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Duk wanda ya biya kuɗin rumfa ranar kasuwa yana da haƙƙin a ba shi rasit, domin wannan kuɗi na hukuma ne, ba na mai karɓa ba.

Sai dai kuɗin shigar da ake tarawa a gida bai taka kara ya karya ba. Abin da ke riƙe da hukumar shi ne kason wata-wata daga asusun tarayya, inda ƙananan hukumomi 774 ke raba kashi 20.6 cikin ɗari. Shekara da shekaru wannan kuɗi ta asusun haɗin gwiwa yake biyowa, wato sai ya ratsa hannun gwamnatin jiha. A nan gizo ke saƙar. Ciyaman da ba ya iya taɓa kuɗin hukumarsa sai da izinin Kano, da wuya ya ɗaga murya a gaban gwamna. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu.

Game da siyasa, yankin yana da tsohon tarihi. Daga ƙauyen Rimi ne Muhammadu Abubakar Rimi ya fito, wanda ya zama gwamnan Kano a 1979 a jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, magajiyar tsohuwar jam'iyyarsa ta NEPU. Shi ya soke haraji da jangali, abin da talakan karkara bai manta ba. Da PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, Rimi ne jagoran Santsi, kuma a 1983 ya koma NPP ya nemi zarcewa, amma Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi.

Mai son sanin inda mutanen gari irin wannan suka karkata, kada ya dogara da zaɓen ciyaman. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, kuma sakamakon ya saba bin jam'iyyar gwamna. A 2021 APC ta lashe kujerun ciyaman 44 gaba ɗaya; a 2024, bayan mulki ya sauya hannu, NNPP ta lashe 44 ɗin duka. Ba za a ce jama'a sun juya gaba ɗaya cikin shekara uku ba, mai riƙe da gidan gwamnati ne ya canja.

Zaɓen tarayya ya fi nuna gaskiyar lamari, kuma abin da yake nunawa shi ne mutum ake bi fiye da tuta. Sulaiman Abdurrahman Kawu Sumaila ya wakilci Sumaila da Takai a Majalisar Wakilai daga 2003 a ANPP, ya shiga APC da aka yi haɗaka, ya ci kujerar sanatan Kano ta Kudu a 2023 a NNPP inda ya kayar da Kabiru Gaya na APC, sannan ya koma APC a 2025. Jam'iyya ta yi ta canjawa, gidan siyasar yana nan. Abin da mai ƙuri'a ke aunawa a ƙauye shi ne wa ya kawo taki a kan kari, wa ya haƙa rijiyar burtsatse, wa ya samar wa yaro aiki, wa kuma ya zo gaisuwar mutuwa da kansa bai aiko wakili ba.