Ƙanƙara A Ɗakin Sanyi

Manoma da fatake masu kai tumatir da tattasai Ikko, ku saurara. Wasu suna ajiye kayansu a ɗakin sanyi kafin a kai kasuwar Mil 12, sa'an nan su tarar ya ruɓe alhali inji yana aiki.

Ga dalili. A cikin injin akwai murɗaɗɗen bututu mai sanyi ƙwarai, fanka tana hura iska ta kansa. Iskar bakin teku kuwa jiƙe take, da damina laimarta kan wuce kashi 80 cikin 100, ba kamar iskar hunturu ta Kano ba. In ta taɓa bututun sai ta zubar da raɓa. In sanyinsa ya kai digiri 0, raɓar ta daskare. Ƙanƙara ta toshe hanyar iska, bututu ya ƙara sanyi, ƙanƙara ta ƙara kauri, ɗaki kuwa ya yi ɗumi.

Magani shi ne a riƙa rufe ƙofa, a wanke matacin iska, kada a jibga kwanduna gaban fanka. Tumatir ba ya son sanyin da ya gaza digiri 10, saboda haka kada a matsa wa inji.

In ƙanƙara ta kama, a tsai da sanyi, a bar fanka ta narkar da ita. Kada a sa wuƙa, domin bututu zai huje. In ta dawo, a kira makaniki ya duba ko gas yana yoyo.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.