Bayan Cire Haƙori, a Kula da Gurbinsa

Jama'a, da yawa daga cikinmu da zarar likita ya cire mana haƙori sai mu hau kurkure baki da tofar da yawu. Wannan kuskure ne babba. Gudan jinin da ke daskarewa a gurbin haƙorin shi ne murfin ciwon. In ya fita, ƙashi zai zauna a buɗe, bayan kwana 2 zuwa 4 azabar ciwo ta taso har cikin kunne.

Kafin aiki, ku gaya wa likita in kuna da ciwon suga, hawan jini ko juna biyu, ko kuna shan maganin tsinka jini irin su asfirin. Ku tambaye shi ko za ku ci abinci kafin ku zo.

Bayan aiki, ku cije audugar da aka sa muku na tsawon minti 30. Kada ku kurkure baki sai bayan awa 24, sannan ku riƙa yi a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Ku sha kunu ko koko da ya huce. Goro, ƙilishi da taba kuwa, a haƙura da su tukuna. Asuwaki ma a kauce wa wurin ciwon.

In jini ya ƙi tsayawa, ko kumburi na ƙaruwa bayan kwana 3, ko zazzaɓi ya shigo, ko haɗiya ta gagara, don Allah ku koma asibiti nan take. Allah ya ƙara mana lafiya.